Ɗan Fari a Gaban Allo

Idan na gaya wa yaran yanzu cewa na taɓa riƙe tsarin karatu daga nesa na wata ƙungiya, tambayar farko da suke yi ita ce wace irin kwamfuta muke da ita. Ba na ganin laifinsu. 'Yar ƙanwata irin aikin take yi a yau, tana zaune a ofis mai sanyi, ta danna nan ta danna can, darasi ya faɗa wayar ɗalibi ta intanet kafin shayinta ya huce. Ni a zamanina babur ne, da buhun kaset ɗaure a baya da roba. Amma aikin ɗaya ne: ka tabbata darasi ya isa ga mai shi, amsarsa ta koma ga malami, kada kowa ya ɓace a tsakani.

A ƙarshen shekarun tamanin na fara, na kai cikin na casa'in. Ƙungiyar tamu tana horar da malaman firamare waɗanda suka daɗe da alli a hannu amma ba su da takardar shaidar malanta. Babban ofis yana Kano. Ni aka danƙa wa kudu, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, aka kama mini ɗaki ɗaya a Kwanar Dangora bayan shagon mai faci. A ciki akwai tebur, da kabad, da rediyo mai cin kaset biyu wadda nake kwafar darussa da ita. Kowane ɗalibi ana ba shi littattafai da kaset ya je gida ya saurara. Ranar Asabar kuma su taru a cibiyarsu, wato wani aji da muka ara a makarantar firamare, malami ya zo ya warware musu abin da ya ɗaure musu kai. Wanda ya yawaita fashin Asabar ba zai zauna jarrabawa ba. Dokar ke nan, kuma ni ne mai tsaronta.

Ba wanda ya taɓa kirana da sunan muƙamina. Mai Kaset ake ce mini daga Yako har Riruwai. Da biro nake naɗe zaren kaset idan rediyo ta tauna shi, in ya tsinke kuma in haɗa da jan farcen matata, abin da har yau take yi mini gori a kai. Littattafan 'yan Tiga da ƙarnin kifi suke dawowa. Wani malami daga wajen Kiru ya taɓa maido mini da kaset ɗin lissafi, rabin farko lissafi, rabin ƙarshe kiɗan bikin ƙanensa, da na yi magana sai ya ce ai wurin da aka goge ɗin ya riga ya gane shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri. Nakan yi faɗa har jijiyar wuyana ta tashi, su ba ni haƙuri, mako ya zagayo su sake.

A cikin ɗalibaina duka, wanda bai taɓa sa ni ɗaga murya ba wani dattijo ne Bafulatani a cibiyar Doguwa, dogo siriri, gemunsa ya fara furfura. Shi kaɗai ne malami a wata makarantar 'ya'yan makiyaya a cikin duwatsu, gaba da garin. Shi ya fara tara yaran a gindin wata ɗorawa tun kafin hukuma ta san da su, ya bi ruga-ruga yana lallashin iyaye, har aka gina aji ɗaya na jar ƙasa aka ɗauke shi aiki. Bokonsa a firamare ya tsaya, karatun allo ne ya yi mai zurfi. Sai sanarwa ta fito cewa duk malamin da wa'adi ya cika bai kawo takarda ba, za a sallame shi. Kowa ya san abin da hakan ke nufi ga makarantar nan. Za a turo baƙo wanda ba ya jin Fulatanci, ya yi damina ɗaya ya gudu, iyaye su kwashe 'ya'yansu su mai da su bayan shanu. Shi ya sa dattijon ya shigo karatunmu, kuma bai shigo da wasa ba.

A bencin gaba yake zama, irin na yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Kaset ɗinsa a ƙunshe cikin tsumma mai tsabta yake dawowa, an mai da zaren farko. Kakana Babarbare ne, kuma ranar da dattijon ya gano haka na shiga uku, don tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa yana cewa shi ne ubangijin ɗaya. In na iso da buhuna sai ya ce, “Ga bawana ya kawo mini kayana. Sauke a hankali, kada ka yi mini ɓarna.” Ni kuma in ce, “Baffa, da ka bar karatun nan ka koma bin shanu, boko ba na masu sanda ba ne.” Ajin ya kwashe da dariya, sannan a fara aiki.

Ana cikin haka malaminmu na dabarun koyarwa ya samu canjin wurin aiki ya tafi. Wannan darasi shi ne jigon karatun, wanda ya faɗi shi ya faɗi duka. Muka yi ta jira har babban ofis ya turo mana sabo, saurayi da bai daɗe da gama kwalejin ilimi ba. Suka ce mun yi sa'a, ɗan yankin ne, a Tudun Wada ya tashi, yana jin Fulatanci, ba zai ce daji ya yi masa nisa ba. Aka ba shi Doguwa ranar Asabar, Tudun Wada ranar Lahadi.

Ni na goya shi a babur ranar farko. Mai natsuwa ne, ba ya magana sai an tambaye shi. Muka ratsa dajin Falgore ina ta surutuna, shi yana “to, to” a bayana. Da muka isa na shiga gaba na yi sallama, na ce wa ɗalibai ga sabon malaminsu. Ya sako ƙafa ɗaya cikin ajin, idonsa ya sauka a kan bencin gaba, sai kawai na ga mutum ya durƙusa a bakin ƙofa, littattafansa a ƙasa, kansa a sunkuye. Ya yi gaisuwa da Fulatanci can ƙasa-ƙasa. Dattijon ya kawar da kai wajen taga, ya amsa a cikin maƙogwaro, ya tattara littafinsa da kaset ɗinsa, ya miƙe ya raɓa ta gefensa ya fita kamar wanda aka aiko kira.

Ni dai abin da na gani shi ne tsoho ya raina yaro. Raina ya ɓaci, don ban zaci girman kai daga wurinsa ba. Na lallaba malamin ya tashi ya yi darasin. Ya yi shi a raɓe a gefen allo, bai ko kalli bencin gaba ba duk da babu kowa a kai.

Akwai wata malama a cikin ɗaliban, babbar mace mai baki, ita ke shugabantar ajin. Da aka tashi ta same ni a gindin babur ina ta mita ni kaɗai.

Ta ce, “Mai Kaset, wa kake zagi?”

Na ce, “Ba zagi nake ba, Malama. Amma in furfura ce za ta hana mutum zama gaban malami, sai ya je ya karɓi takardar a wurin shanunsa.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Rashin sani ya fi dare duhu. Kai da ka ɗauko yaron a bayanka tun daga Kwanar, ba ka tambaye shi ɗan wane ne ba? Ɗansa ne. Ɗan farinsa.”

Na san kunyar ɗan fari, mu ma muna yi, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba. Amma tamu wasa ce a kan tasu. Malamar ta ce tun da aka yaye yaron aka kai shi wurin kakarsa a Tudun Wada, can ya girma, da sunan kawunsa aka sa shi a makaranta. Uban bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya zama inuwa ɗaya da shi, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, in yana da saƙo sai ya ba ƙanensa ya kai. Ba ƙiyayya ba ce, in ji ta, a wurinsu nuna son ɗan fari ne abin kunya. To mutumin da ko ruwa ba zai sha a gaban ɗansa ba, shi ne zai zauna a bencin yara ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba?

Asabar ta zagayo dattijon bai zo ba. Ta sake zagayowa, bencin gaba babu kowa. Ni ke rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma hannuna ya fara yi mini nauyi. Na juya al'amarin ta kowace fuska. In na mai da shi cibiyar Tudun Wada, malamin dai shi ne a can. Bebeji ko Kiru kuwa, kafin ya je ya dawo makarantarsa ta kwana a rufe, malamin da ke can ma bai ishi nasa ɗaliban ba. In na nemi a canja malamin, da ƙyar da jiɓin goshi aka samo wannan ɗin. Gaba kura, baya sayaki.

Ran nan da hantsi malamin ya same ni a ofis. Ya zauna a bakin kujera ya ce, “Yallaɓai, so nake a cire ni daga Doguwa. In ba zai yiwu ba, zan ajiye aikin.”

Na ce, “Sauran ɗaliban fa?”

Ya ce, “Na sani. Amma makarantar nan ita ce ran tsoho. Ba zan zama sanadin rufe ta ba. Wallahi ban ma san ya shiga karatun ba, ba wanda ya gaya mini.”

Na ce ya saurare ni tukuna, kada ya rubuta komai. Washegari na nufi rugar. Damina ce ta yi nisa, masara ta rufe mutum, hanya duk taɓo. A bakin wani rafi na jingine babur na ƙarasa a ƙafa. Na tarar an tashi daga makaranta, don yaran da sassafe suke karatu su tafi kiwo. Dattijon ya shimfiɗa mini tabarma a gindin ɗorawar, aka kawo fura da nono, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Wasan nan na Barebari ne ya ba ni bakin tambayar abin da wani ba zai iya ba.

Na ce, “Baffa, ashe tsoron bulala ne ya hana ka zuwa aji?”

Bai yi dariya ba. Ya dubi wajen duwatsu ya ce, “Bawana, akwai abin da ba a yi. Ba mu muka fara ba, haka muka tarar.”

Na ce, “To makarantar fa?”

“Allah ne da ita.”

Sai na gaya masa cewa malamin ya zo zai ajiye aiki saboda shi. Nan ne na ga fuskarsa ta canja, ya gyara zama da sauri.

Ya ce, “A'a. Kada a taɓa masa aiki. Malamin naku yanzu ya fara, ni tawa ranar ta karkata. Ka cire sunana, shi ke nan, magana ta ƙare.”

Ya ɗauki wani kara yana zane a ƙasa. Can ya yi tambaya, ba tare da ya dube ni ba.

“Sun ce ya iya koyarwar?”

Na ce, “Ya iya ƙwarai.”

Ya ce, “To, madalla.” Ya ci gaba da zanensa.

Na baro wurin ina jin haushin su biyun, ina kuma jin girmansu ya cika mini ido. Kowa yana ƙoƙarin kauce wa ɗaya hanya, kuma in aka bar su duk biyun za su yi asara. Ina tafe buhun kaset yana bugun bayana, sai dabara ta faɗo mini. Ai mu tun asali sana'armu ita ce koyar da mutumin da ba ya gaban malami.

Na tafi Kano wurin shugabarmu, wata Hajiya mai tabarau wadda ba ta son dogon bayani. Na ce ina so in riƙa ɗaukar darasin Asabar a kaset ina aika wa ɗalibi ɗaya, shi ma ya amsa a kaset, a ɗauka kamar ya zo aji. Ta tambayi dalili, na faɗa mata. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, “Karatu daga nesa muka ce muna yi, ba mu ce nesa iri ɗaya ce ba. Je ka yi. Amma ka ji da kyau, gwajin koyarwa na ƙarshe ba ruwansa da kaset. Sai malamin darasin ya shiga ajin ɗalibi ya zauna, ya gani da idonsa, ya sa hannu. Wannan ba ni na kafa ba, kuma ba zan iya ɗagawa ba.”

Na yi godiya na fito. A raina na ce tsugune ba ta ƙare ba.

Daga nan kowace Asabar nakan ajiye rediyo a kan bencin gaba, daidai inda dattijon ke zama, in danna jan maɓalli. Malamar nan ta sa wa rediyon suna Baffa, in za a fara darasi sai ta ce a bari Baffa ya zauna tukuna. Ƙanen dattijon yakan shigo gari ya karɓi kaset ɗin ya kai masa. Da farko malamin ɗari-ɗari yake yi, yana satar kallon rediyon kamar za ta yi masa tsawa. Daga baya ya saki jiki. Na lura in ya zo wuri mai wuya yakan matso kusa da bencin, ya rage sauri, ya maimaita, wani lokaci ya ƙara da Fulatanci, ya ce don waɗanda Hausa ta yi wa nauyi. Duk ajin babu wanda Hausa ta yi wa nauyi, amma ba wanda ya tanka.

Kaset ɗin amsa na farko ya iso mini a Kwanar Dangora. Malamin ba shi da rediyo a masaukinsa, don haka a ofishina ya zo saurare. Na danna. Aka ji kukan maraƙi, aka ji gyaran murya, sannan muryar dattijon ta fito tar.

“Assalamu alaikum, Malam. Ɗalibinka ne na makarantar gindin ɗorawa. Na ji darasi, Allah ya saka da alheri. Amma akwai inda ban gane ba, ina so Malam ya ƙara mini bayani.”

Malamin ya miƙa hannu ya tsayar da kaset ɗin. Ya zauna yana kallon rediyon. Can ya ce, “Yallaɓai, tunda nake bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba.”

Na ce zan je in sha shayi, na bar masa ɗakin. Ba shayi nake so ba. Idona ne ya ciko, kuma Babarbare ba ya kuka a gaban Bafulatani.

Haka aka ci gaba, kaset ya tafi kaset ya dawo. Kada a ɗauka kullum lallashi ne, gardama suke yi sosai. Dattijon irin koyarwar makarantar allo ya saba, ya faɗa yara su maimaita har ya zauna musu. Malamin ya dage sai an riƙa tambayar yaro, a ba shi abu ya taɓa da hannunsa, a kuma tsara darasi a takarda kafin a shiga aji. Dattijon ya ce shi da ya haddace surori da maimaitawa ba zai raina ta ba. Malamin ya amsa cewa haddar sura daban, gane lissafi daban. Wani wurin uban ya sauko, wani wurin ɗan ya ce ya karɓi gyara. Ni da nake kwafa da aikawa na ƙaru da su biyun fiye da yadda na ƙaru a tawa makarantar.

Akwai wani aiki na tsara darasi da dattijon ya yi, malamin ya duba ya ba shi maki kaɗan, ya cika gefen takardar da jan biro. Da na gani sai na kasa haƙuri.

Na ce, “Malam, ka ɗan sassauta mana. Mahaifinka ne fa.”

Ya ce, “Shi ya sa, Yallaɓai. In na ba shi abin da bai samu ba zai gane, kuma daga ranar ba zai sake saurarona ba.”

Kaset na gaba ya zo da sabon aiki a haɗe. Dattijon ya ce, “Malam ya yi gaskiya, na yi gaggawa. Ga shi na sake.” A ƙarshe kuma ya ƙara da cewa, “A gaya wa bawana ya daina sa baki a abin da ya fi ƙarfinsa.” Wanda ya kai masa labari ban sani ba, amma har yau Malama nake zargi. Ban taɓa ganin malami da ɗalibi masu riƙon amanar juna kamar waɗannan ba, alhali in suka hango juna a kasuwar Doguwa, ɗaya zai bi ta layin masu hatsi ɗaya ta layin masu tukwane.

Jarrabawar rubutu ta zo ta wuce lafiya, don daga Kano aka turo masu tsaro. Saura gwajin koyarwa. Na koma wurin Hajiya na roƙi a ba ni wani malamin ko na yini ɗaya ne, ta ce babu, kuma wa'adi ya matso. Na je rugar na gaya wa dattijon yadda ake ciki, ban ɓoye komai ba. Ya saurara har na gama, ya tambayi ranar, na faɗa. Ya ce, “Allah ya kai mu.” Ni kuma na dawo ban san ko za mu same shi a makarantar ba.

Kaka ce, an karya masara, hanya ta bushe. Muka yi sammako ni da malamin. A hanya ya ce shi a waje zai tsaya ta jikin taga, ko ba komai zai hango allo. Na ce Hajiya cewa ta yi a ciki. Ya ce, “Yallaɓai, ƙafata ba za ta shiga ba.”

Da muka isa yara suna cikin aji. Can nesa ga wasu magidanta a tsaye sun harɗe sanduna a kafaɗa, ashe labari ya zaga rugage. Dattijon yana bakin ƙofa da farar riga. Ya gaisa da ni, bai dubi wanda ke bayana ba. Malamin ya tuɓe takalmi ya zagaya ya tsaya a jikin taga. Dattijon ya shiga ciki. Kujera ɗaya ce tak a ajin, tasa. Ya ɗauke ta da kansa ya kai ta bayan aji, ya goge ta da gefen rigarsa, ya dawo gaban allo. Ya yi wa yaran magana da Fulatanci, sannan ya maimaita da Hausa.

“Ku tashi tsaye. Yau muna da baƙo. Wanda zai shigo malamina ne, shi yake koya mini yadda zan koya muku. Ku gaishe shi da kyau.”

Malamin ya daskare a inda yake. Na zagaya na taɓa kafaɗarsa na ce, “Shiga mana, ɗalibinka yana jira.” Ya shiga a sunkuye, yara suka gaishe shi da murya ɗaya, ya zauna a bakin kujerar da takarda a kan gwiwa. Ni na tsaya a ƙofa.

Darasin ɗebewa ne a lissafi, kuma farkonsa bai yi kyau ba. Alli ya karye a hannun dattijon. Ya manta da tsakuwoyin da ya tara don raba wa yara, ya koma faɗa a maimaita, idonsa a ƙasa. Ni na san dalili. Duk mai koyarwar da ba ya kallon yaransa ya faɗi gwaji, dattijon ma ya sani. Amma in ya ɗaga kai ya kalli yara, ga ɗan farinsa nan zaune a bayansu. Na dubi malamin, bironsa a tsaye, bai rubuta komai ba.

Sai dattijon ya tsaya. Ya ajiye guntun allin, ya yi bisimilla a hankali, ya ɗaga kansa sosai ya dubi ajin tun daga gaba har baya. Ya sa aka raba tsakuwoyin. Ya ce, “In mutum yana da shanu bakwai, kura ta kama biyu, saura nawa?”

Wata yarinya a layin ƙarshe, daidai gaban kujerar malamin, ta ɗaga hannu. Ya nuna ta.

Ta ce, “Malam, kura ba ta kama shanu biyu, sai dai in mai kiwon barci yake yi.”

Ajin ya ɓarke da dariya. Dattijon ma ya kasa riƙewa, ya yi dariya da bakinsa duka, fuskarsa a buɗe tana kallon bayan aji. Ya ce to mai kiwon ya yi barci, a ɗebe masa biyu a gani. Daga nan darasi ya miƙe. Ya shiga tsakanin yara yana duba tsakuwoyinsu, yana tambaya suna amsawa, wanda ya kuskure ya sa na kusa da shi ya gyara masa. Biron malamin ya fara tafiya, amma rabin lokacin ba takardar yake kallo ba.

Da aka tashi dattijon ya rako ni har wurin babur, ni kaɗai yake yi wa magana, malamin yana biye da mu daga nesa. Ya miƙo mini ƙwarya ƙarama cike da man shanu ya ce, “Bawana, a kai wa Malam.” Malam ɗin yana tsaye a bayanmu yana ji. Na karɓa da hannu biyu na ce zan kai.

Ban iya tambaya ba sai da muka hau kwalta. Kafin mu shiga Falgore na tsaya da sunan gyara ɗaurin kaya, na miƙa wa malamin ƙwaryarsa.

Na ce, “Ya ci?”

Ya ce, “Ya ci. Farkon bai yi ba, na rage masa a nan. Amma ya ci, kuma ba alfarma.”

Na yi hamdala a fili. Da wannan sa hannun ne daga baya takardar dattijon ta fito, aka bar shi a makarantarsa, yaran rugage suka ci gaba da zuwa. A ranar dai na juya zan hau babur, sai na ga malamin bai motsa ba, yana tsaye riƙe da ƙwaryar.

Ya ce, “Yallaɓai, ka san yana da wushirya?”

Na ce, “Ai duk Doguwa an sani.”

Ya kai ɗan yatsa ya taɓa tasa wushiryar, ya ce, “Ni ban sani ba. Ban taɓa ganin ya yi dariya ba sai yau.”